Yadda Aka Auna Jikan Goggo Hanne

"Tambaya ta tara," in ji Khaula, ta gyara riƙon biro. "Idan ya ga mutum ba shi da lafiya, yana taimaka masa?"

"Wa? Wannan?" Goggo Hanne ta nuna jikanta da haɓa. "Ko shaƙewa nake yi a gabansa ba zai miƙo min ruwa ba."

A daidai lokacin Badaru yana durƙushe a gefen katifa, kumburarriyar ƙafarta tana kan cinyarsa, yana shafa mata man zafi. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya gama da ta dama, ya ajiye ta a hankali, ya ɗauki ta hagu.

"Amsoshin uku ne, Goggo. Ko ki ce ba haka ba ne, ko wani lokaci, ko haka ne ƙwarai."

"Wacce ta fi muni?"

"Ai ba haka ake yi ba, ke za ki..."

"Mafi munin za ki sa masa."

Khaula ta ja alama a takarda. Ni kuwa ina bakin ƙofa a kan kujera 'yar tsugunno ina ɓarar gyaɗa, dariya ta ci ƙarfina har na zubar da rabin faifan.

Gara in faɗa tun yanzu, ni na jawo wannan aiki. Khaula ƙanwata ce, autarmu, tun tana aji uku na firamare aka ɗauke ta riƙo zuwa Kano, can ta girma, can ta yi boko har ta kai digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam. Malaminta ya ce ta je ta auna yara talatin, ta ga yadda hankalinsu da halinsu suke. Sai ga ta a Gaya da jaka cike da takardun tambayoyi, da wasu 'yan katakai masu ja da fari, da fensira dozin biyu. Ni kuma da son a san ƙanwata ta yi karatu, na dinga bi da ita gida-gida kamar yadda nake aika tallan ƙulina. Gidan farko da na kai ta shi ne na Goggo Hanne, wadda katanga ɗaya ce ta raba mu shekara goma sha shida.

Duk unguwa an san bakin Goggo a kan Badaru. Sunansa na yanka Badaruddini, shekararsa goma sha ɗaya, uwa da uba duk sun rasu, tun yana rarrafe yake hannunta. Ban taɓa jin ta kira shi da suna mai daɗi ba. Yau mijin banza, gobe maigidan da ba cefane, jibi ƙaton kai kamar tulu. Wasan kaka da jika ne, kowa ya sani, sai dai nata ya zarce na kowa. Sauran kakanni in sun zagi jika da safe, sukan yabe shi da yamma ko da a bayan idonsa ne. Goggo ba ta taɓa yi ba.

"Yana yin ƙarya?"

"In ya ce miki rana ta fito, ki fita ki duba."

"Yana ɗaukar abin da ba nasa ba?"

"Haƙorana biyu da suka ɓace, har yau shi nake zargi."

"Yana faɗa da yara?"

"Har da awaki."

Da na ga biron Khaula yana ta sauka a gefe ɗaya, sai na ce mata, "Ke, wasa fa take yi."

"Yaya, ka'idar aikin ce," in ji ta. "Abin da mai riƙon yaro ya faɗa shi ake rubutawa, ba a ƙarawa, ba a ragewa. In na fara sa ra'ayina, aikin ya lalace." Amma duk da haka ta juya ta tambaya, "Goggo, da gaske kike duk abin nan?"

Goggo ta dube ta sama da ƙasa. "Ni sa'ar wasanki ce?"

Shi ke nan. Tambaya ashirin da biyar, Goggo ta ba jikanta mafi muni a ashirin da huɗu. Ɗayar da ta rage ta cin abinci ce, nan kam ta ce yana ci ƙwarai, don shi ya cinye gidan.

Washegari aka zo kan yaron da kansa. A ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gidana Khaula ta shimfiɗa tabarma, ta zube katakan nan, ta nuna masa hoto ta ce ya jera su su yi kama da shi, ta danna agogon waya. Kafin ta gyara mayafi ya gama. Ta karanto lambobi ta ce ya maimaita daga ƙarshe zuwa farko, ya maimaita. Na ga fuskarta ta saki. Sai ta miƙa masa farar takarda da fensir ta ce ya zana mata danginsa.

Ya daɗe a kai, harshe a waje. Ya zana marigayi babansa, ya zana marigayiya uwarsa, ya zana kansa, ya zana kawunsa Maiwada na Ajingi da doguwar hula da tumbi, har ya rubuta "Kawu" a ƙasa. Da ya gama sai ya ɗauki rula, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ja wa kowa layi a wuya.

Khaula ta ɗauki takardar ta duba. "Badaru, me ya sa ka ja musu wannan layin?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ina Goggo? Ban gan ta a ciki ba."

Ya ƙara sunkuyarwa. Yaron da aka horar kada ya kalli babba a ido, aka ce masa yawan amsa rashin kunya ne, me zai ce? Khaula ta rubuta cewa ba ya haɗa ido, ba ya amsa tambaya. Ni a lokacin ina can ina fama da kaskon suya, ban ga zanen ba sai daga baya.

Bayan kwana goma ta dawo daga Kano da ambulan mai ruwan ƙasa. Ta ja ni ɗaki ta ce a cikin yara talatin, makin Badaru ya fi na kowa yawa, kuma a irin wannan awon yawan maki shi ne matsalar. Malaminta ya ga amsoshin, ya ga zanen, ya cire tabarau ya sake sakawa, ya ce lallai a rubuta wa iyalin takarda su kai yaron wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ranar jikin Goggo ya motsa, numfashi yana yi mata wuya, Khaula kuma tana sauri kada motar Kano ta cika. Ta bar min ambulan ta ce in yi wa tsohuwa bayani a hankali idan ta samu sauƙi.

Na shiga da niyyar bayani, Allah ya sani. Sai na same ta a jingine da bango, ta rame har ɗankwali ya yi mata yawa, tana kallon hannuna.

"Sakamakon mijin banzan ne?"

"Shi ne, Goggo."

"Na nawa ya zo?"

Na ce, "Ya fi kowa maki."

Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na yi. Goggo ta taɓe baki ta ce, "Satar amsa ya yi." Sannan ta karɓi ambulan ta tura ƙarƙashin matashi, ta ɗora kanta a kai.

Daga ranar, duk wadda ta shigo dubiya sai an zaro mata takardar. "Ku ga shirmen da 'yan boko suka rubuta," haka take cewa, tana miƙawa da hannu biyu. Matan unguwa su juya ta, su ga hatimi, su ga Turanci, su ce masha Allah. Wata ma a juye ta riƙe ta, ta ce ai daga ganin rubutun ka san yaron zai yi nisa. Ni ina gefe ina addu'ar kada Allah ya kawo wanda ya iya karatu.

Ranar Juma'a Allah ya kawo shi. Malam Maiwada, wan mahaifiyar Badaru, ɗan kasuwar hatsi ne a Ajingi, kuma ya gama sakandare. Tun da ƙaramar salla, da ciwon Goggo ya tsananta, aka zauna aka yi magana: in ta Allah ta kasance, shi zai ɗauki yaron ya haɗa da 'ya'yansa, ya ci gaba da makaranta. Ban da shi Badaru ba shi da kowa, dangin uban sun ƙare a kan Goggo. Wannan alkawarin shi ya sa take iya barci.

Ya shigo da lemo a leda, ya durƙusa ya gaishe ta, aka yi ya jiki ya gida. Ina ganin hannunta ya nufi ƙarƙashin matashi na ce, "Goggo, ko in kawo wa baƙo ruwa?" Ta ce in kawo, amma hannun bai fasa ba.

Na dawo da kofi na same shi yana karantawa da yatsa, leɓɓansa suna motsi. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya buɗe shafi na biyu, inda aka maƙala zanen. Ya ga doguwar hula, ya ga tumbi, ya ga an rubuta "Kawu". Na ga hannunsa ya tafi wuyansa a hankali ya shafa.

"Yaron yana nan?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Yana bayan gida yana wasa wuƙa," in ji Goggo. "Kaza za a yanka maka."

Malam Maiwada bai tsaya cin kazar ba. Ya ce ya tuna yana da baƙi daga Kademi, ya yi sallama, ya manta da takalminsa ƙafa ɗaya sai da ya dawo. Bayan kwana biyu ya bugo wa maigidana waya: gidansa ya yi ƙunci, ga yara mata ƙanana, a yi haƙuri a nemi wata hanya.

Goggo tana da sanda da take buga katanga idan tana nemana. Ranar da labarin ya iske ta, sau uku ta buga.

"Uwar Fiddausi, zauna. Me ke cikin takardar nan?"

Na faɗa mata duka. Na ce amsoshinta ne aka tara aka lissafa, suka nuna jikanta maƙaryaci ne, ɓarawo, mafaɗaci, mara tausayi, mai bukatar likita. Na ce laifina ne da ban faɗa tun farko ba. Na yi zaton za ta wanke ni tas, har na shirya. Sai ta ɗaga ido ta kalli rufin ɗaki.

"Yanzu su 'yan bokon nan, in kaka ta ce jikanta ɗan banza ne, sai su yarda?"

"Sun yarda, Goggo."

"To a ina aka haife su?"

Ta ja numfashi da ƙyar, ta ce, "Bakwai na haifa, Sadiya. Shida na binne suna ƙanana. Uban yaron nan kaɗai ya tsaya min, kuma ban taɓa yabonsa ba, don ina tsoron baki. Sai ranar da ya sayo min katifar nan, daɗi ya ɗebe ni, na tsaya a bakin rijiya gaban mata na ce ɗana ya fi ɗan kowa. Bai ƙara Juma'a biyu ba mota ta kife da shi a hanyar Wudil." Ta shafa katifar. "Na san Allah ne mai kashewa. Amma daga ranar na ɗaure bakina. Wannan ɗayan da ya rage, na ce ko aljani ya ji yadda nake kushe shi zai wuce ya nemi wani."

Na ji kunyar dariyar da na yi ranar da ake tambayoyin. Shekara da shekaru ina jin zagin nan ta kan katanga, ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

"Kira min ƙanwarki," in ji ta. "Wanda ya ɗaure shi zai kwance."

Khaula ta ce a waya ba za ta iya goge komai da hannunta ba, sai dai a sake awon daga farko, mai riƙo ta ba da amsa ta gaskiya. Sannan ga maganar zanen, wadda ita ce ta fi tsorata malaminta. Ina cikin wayar Fiddausi 'yata tana kusa tana aikin gida, sai ta ce, "Umma, layin wuya? Ai kowa yana yi." Ta buɗe min littafinta na makaranta. Duk mutumin da ke ciki an ja masa layi a wuya: manomi, likita, ɗan sanda, har da akuya da wani kada. Malamin Islamiyyarsu ne ya ce duk wanda ya zana abu mai rai, ranar lahira za a ce ya busa masa rai, sai dai in ya raba kan da jiki. Yara kuwa ba mai son wannan aiki a lahira.

Na faɗa wa Khaula. Can ta ce, "Yaya, wallahi ni ma na yi haka ina ƙarama. Na manta ne."

"To boko ya yi rana," na ce mata.

Na aiki Fiddausi ta tambayo shi a cikin wasa me ya sa bai zana kakarsa ba, tunda ita sa'arsa ce zai faɗa mata. Ta dawo ta ce wai in ya zana ta dole ya ja mata layi, shi kuma ba zai iya ba.

Saura Malam Maiwada. Shi kam sai da maigidana ya hau mota ya same shi a rumfarsa da littafin Fiddausi a hannu, ya nuna masa ɗan sanda da kada. Malam Maiwada ya ce ya ga wannan, amma sauran fa? Tsohuwar da ta raine shi da bakinta ta ce ɓarawo ne. Maigidana ya ce to ya zo ranar Asabar ya ji daga bakin nata.

Asabar da hantsi aka haɗu. Goggo ta yi shiri kamar mai fita yaƙi. Ta sa an turara ɗaki da habbatus sauda har muna tari, ta sa an saki labule, an toshe tagar da tsumma. Ta karanta Falaƙi da Nasi ƙafa uku-uku ta tofa a kusurwa huɗu, na riƙe ta tana juyawa. Badaru kuwa ta ɗora masa kwanon dawa ta ce ya kai niƙa, kuma ba injin unguwa ba, na can bakin tasha, wai shi ya fi laushi. Malam Maiwada ya zauna a bakin ƙofa daga ciki, inda zai iya fita da sauri.

"Tambaya ta ɗaya," in ji Khaula. "Yana jin maganar manya?"

Goggo ta buɗe baki ta rufe. Ta kalli taga. Ta kalli labule.

"Sa masa ta tsakiyar."

"Goggo, gaskiya za ki faɗa."

"To sa wadda ba ta da muni. Amma ki rubuta da ƙananan baƙi."

"Sai kin faɗa da bakinki, kuma ki ba ni misali."

"Wannan yarinya, ke da Munkar da Nakir wa ya koya wa wani aiki?" Ta yi tofi gefen hagu. "Yana ji. Tubarkalla. Sau ɗaya nake faɗa."

"Yana yin ƙarya?"

"Yana yi."

Biron Khaula ya tsaya. Malam Maiwada ya gyara zama.

"Kullum da safe shi yake fitar da fo ɗina ya wanke kafin ya tafi makaranta. In abokansa sun biyo masa suka tambaya me ya tsayar da shi, sai ya ce awaki yake ba dusa. Don kada su san tsohuwa ta kai ga haka. Wannan ce ƙaryarsa. Ki rubuta ta in kina so."

Khaula ta ja alama a ɗaya gefen. Daga nan bakin ya buɗe, sai ka ce an fasa madatsar ruwa. Likita ya hana ta gishiri, shi yake ɗanɗana miya kafin ya kawo mata, kuma ya daina sa gishiri a tasa don kada ta ji ƙyashi. Ya iya ɗaura mata ɗankwali. Ranar da ya tsinci waya a hanyar masallaci sai da ya bi gida tara yana neman mai ita. Faɗa kuwa sau ɗaya ya taɓa yi, da wani da ya kwaikwayi tafiyarta, kuma ita a ganinta bai dake shi yadda ya kamata ba. Kowace amsa sai ta bi ta da tubarkalla da tofi, har gefen zanina ya jiƙe, don ni ce a hagunta.

"Akwai abin da yake tsoro ƙwarai?"

Goggo ta yi ƙasa da murya.

"In na yi barcin rana, sai in ji ɗan yatsa a ƙarƙashin hancina. Yana dubawa ko ina numfashi. Sai in yi kamar ban farka ba, in ja numfashi da ƙarfi don ya ji. Wani lokaci sau huɗu kafin la'asar."

Khaula ta ja alama a kan haka ne ƙwarai. Ta juya wajen Malam Maiwada ta ce, "Kawu, wannan ita ce kaɗai damuwa ta gaskiya a duk takardar. Ba ciwo ba ne. Amma duk inda zai zauna, yana bukatar wanda zai riƙa zama da shi yana jan shi da hira, kada a bar shi shi kaɗai da abin."

Malam Maiwada ya cire hula ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu, ya mayar. Ya ce hayaƙin nan yana shiga ido. Sannan ya ce, "Goggo, ya isa haka. Ku huta. Ni na ji."

"Bai isa ba. Ke, saura nawa?"

"Bakwai."

"A ƙarasa. Ba na barin aiki rabi, kada a je Kano a ce rabin yaron ne mai kyau."

Aka ƙarasa, tana tsayawa tana hutawa tsakanin amsa da amsa. Da Khaula ta rufe biro, Goggo ta lumshe ido ta ce, "To na buɗe baki. In akwai abin da zai faɗo, ga ni nan a kwance, ya faɗo kaina." Ta buɗe ido ɗaya ta kalli Malam Maiwada. "Gidan naka har yanzu yana da ƙunci?"

"An samu wuri, Goggo."

"A cikin kwana takwas? Lallai magina sun yi sauri."

Muna cikin haka muka ji sallamar Badaru. Ya ɗaga labule da kwano a ka, gari har a girarsa, ya tsaya yana kallon hayaƙi da mutane.

"Ga mijin banzan nan," in ji Goggo, muryarta ta dawo daidai. "Tun safe niƙa ɗaya. Ko auren mai injin ka tsaya yi?"

Ya yi murmushi ya wuce madafa.

Ranar Talata bayan azahar Goggo ta cika. Ina wajen, da ni da wasu mata biyu, Badaru yana makaranta, wanda na tabbata da za a tambaye ta haka za ta zaɓa. Maganarta ta ƙarshe kafin kalmar shahada ita ce a kwashe shanyar kuka kada kaji su ɓata. Kafin la'asar an yi mata sutura an kai ta. Na yi kuka fiye da yadda na zata, har da na rashin mai buga min katanga.

Sabuwar takarda ta iso ranar sadakar uku, shafi ɗaya, ba a maƙala komai ba. Malam Maiwada ya karanta a zaure, ya ninke ya sa a aljihu. Da aka watse ya ɗaure jakar Badaru da buhun littattafansa a bayan babur, ya tayar, ya ce yaron ya je ya yi wa maƙwabta sallama.

Ina gaban kasko ya shigo. Ya durƙusa ya ce zai tafi, na sa masa albarka, na ƙulla masa ƙuli a leda. Ya karɓa amma bai tashi ba.

"Maman Fiddausi."

"Na'am."

"Ranar da aka aike ni niƙa bakin tasha, injin unguwa ba abin da ya same shi. Na gani yana aiki." Yana magana yana kallon ƙasa. "Me ta ce a kaina?"

Khaula ta ja min kunne tun ranar cewa amsoshin sirri ne, ka'idar aikin ce, ba a faɗa wa yaro. Na tuna da wannan. Na sauke kaskon daga wuta, na janyo kujera 'yar tsugunno na tura masa.

"Zauna," na ce. "Guda ashirin da biyar ne, kuma kowacce da misalinta."

Ya zauna, ya ɗora ledar a cinya, ya ɗago ya kalle ni. Na fara daga ta ɗaya. Ina cikin ta uku na ji a waje Malam Maiwada ya kashe babur.